Takardar Ragi da Ƴaƴan Purun: Mu Ƙirga Kafin Mu Kwance Bakin Zane

  

Yau maganarmu a kan abu biyu ce waɗanda a ido ba su da haɗi: takardar ragi da ake zuwa kanti da ita a ƙasashen Turawa, da wani ɗan itace da Faransawa ke kira purun. Wata za ta ce, mu da ke neman kuɗin tiyar hatsi, ina ruwanmu da cefanen Amurka? To, ruwanmu shi ne kalmar "ragi" ta kewaye mu yanzu. Tana manne a ƙofar manyan kantunan Yamai, tana shigowa ta salula, tana zuwa cikin bon ɗin ƙungiyoyin agaji. Abin da muke so kowace ta riƙe shi ne wannan: ragi yana zama riba ne kawai in dama can za mu sayi abin, mun san irinsa, kuma canjin da ya saura ya shiga akwati.

Daga ina takardar ragi ta fito

A Amurka aka fi saninta. Tun 1887 kamfanin Coca-Cola ya fara raba ƴan takardu, duk wanda ya kai ɗaya sai a ba shi kofi guda na lemun kyauta. Ba sadaka suka yi ba, so suke bakin mutane ya saba, gobe su dawo da kuɗinsu. Daga nan masu sabulu, masu gari, masu madara duk suka bi sahu. An daɗe jaridar ranar Lahadi a can tana zuwa cike da irin waɗannan takardu, uwar gida ta zauna da almakashi tana yankewa tana jerawa cikin ambulan. Yau da yawansu sun koma cikin salula, ana nuna su wajen biya, na'ura ta karanta ta zabge kuɗin.

Iri biyu ne. Akwai ta kamfanin da ya yi kayan, wadda mai kanti ke karɓa, daga baya kamfanin ya mayar masa da kuɗinsa har da ɗan ladan wahala. Akwai kuma ta mai kantin kansa, wadda ba ta aiki sai a shagonsa. Kowace tana da sharaɗi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: ranar da za ta mutu, girman kwalin da ta shafa, da yawan da dole a saya. Kamfanoni sun san kaɗan ƙwarai daga cikin takardun da suke bugawa ke dawowa kanti, kuma duk da haka ba su fasa ba, don wadda ta zo da takarda ɗaya takan fita da kwando cike. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Matan da suka iya abin a can suna da ƙa'ida. Kafin su duba takarda ko ɗaya, sai sun rubuta abin da gida ke buƙata. Sannan su nemi takardar da ta dace da wannan jeri, sauran su bar su. Suna jira sai kanti ya rage kuɗin kayan da kansa, su ɗora takardar a kai, ragi ya zama biyu. Suna raba kuɗin da nauyin kayan su ga nawa kilo ya kama, don sau da yawa kayan da ba shi da suna, ko ba takarda, ya fi mai suna araha. Suna kuma musanya tsakaninsu: mai jariri ta karɓi takardar madara, ta ba maƙwabciyarta ta man girki. Ku duba da kyau, ai wannan dubarar tamu ce, takarda kawai ta bambanta mu.

Akwai wata takarda ta daban wadda gwamnati ke bayarwa. A 1939 gwamnatin Amurka ta fara sayar wa masu ƙaramin ƙarfi kan sarki na abinci a garin Rochester. Wanda ya sayi mai ruwan goro na dalar Amurka 1, sai a ƙara masa shuɗi na rabin dala kyauta. Mai ruwan goro yana sayen kowane abinci. Shuɗin kuwa ba ya sayen komai sai kayan da suka yi wa manoma yawa a wannan lokaci, irin su man shanu, ƙwai, gari, wake, lemu da busasshen purun. Kun ga inda purun ya shigo maganar. Tun wancan zamani ragi yana bin kayan da mai shi ke neman rabuwa da su.

Purun ba iri ɗaya ba ne

Purun ɗan itace ne mai ƙwallo ɗaya a tsakiya, fatarsa sumul, girmansa daga na goro zuwa na ƙaramin lemun zaƙi. Itacensa yana buƙatar dogon sanyi kafin ya yi fure, shi ya sa ba za mu gan shi a garaken Maraɗi ko na Tawa ba. Ƙasar Sin ce ta fi kowa noma shi, fiye da rabin na duniya daga can yake. Wanda ke isowa kantunanmu ya sha hanya. Na Maroko da Turai yana nuna daga watan Yuni zuwa Satumba, na Afirka ta Kudu kuma daga Nuwamba zuwa Maris, don lokacin zafinsu ke nan.

Gida biyu ne manya. Gida na farko shi ne na Turai. Ƴaƴansa sun fi ƙanƙanta, da yawa dogaye ne kamar ƙwai, namansu da tauri, zaƙinsu da yawa, ƙwallon kuma yakan rabu da naman ba wahala. A cikinsu akwai mirabel, ƙarami rawaya na yankin Loren a Faransa, wanda kakarsa ba ta wuce kamar mako 6, daga tsakiyar Agusta. Akwai ren-kulod, kore ko da ya nuna, wanda aka sa wa sunan Claude, matar sarkin Faransa Faransuwa na 1. Akwai kwec, dogo mai launin shuni, na yankin Alzas. Akwai kuma purun na Ant, wanda ake busarwa a kewayen garin Ajan, ya zama baƙin busasshen purun ɗin nan da ake sayarwa cikin leda, wanda mutanen Maroko ke dafawa da naman rago. Sai an busar da wajen kilo 3 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na busasshe, dalilin tsadarsa ke nan.

Gida na biyu ana ce masa na Japan, ko da yake asalinsa daga Sin ne. Shi ne manya, kewayayyu, ja ko baƙi, masu ruwa sosai, ƙwallonsu yakan manne da nama. Sanannen cikinsu shi ne Santa Rosa, wanda wani manomi mai suna Luther Burbank ya fitar a Kalifoniya a 1906. Yawancin wanda ake loda wa jirgi a kai ƙasashe masu nisa daga wannan gida yake.

Me ya sa muke wannan dogon bayani? Don sanin iri shi ke gaya mana abin da za mu yi da araha in ta faɗo. Na Turai mai tauri da zaƙi, in an same shi da rahusa, ana iya tsaga shi biyu, a cire ƙwallo, a shanya a kan gado ko faranti, a rufe da yadi mai shara-shara don ƙuda da ƙura. Na Japan mai ruwa ba ya son shanya, sai dai a ci shi cikin kwana kaɗan ko a dafa shi da sukari ya zama abin shafa wa burodi. Wajen zaɓe, a danna shi a hankali: mai ɗan laushi ya nuna, mai taurin dutse zai yi laushi a gida amma zaƙinsa ba zai ƙaru da yawa ba, wanda ya yamutse ko yake tsiyayar ruwa ya wuce. Farar hodar da ke kan fatarsa ba datti ba ce, tasa ce ta halitta, alamar hannu bai yawaita a kansa ba. Busasshensa yana sakin ciki, yana taimakon mai fama da taurin bayan gida, amma in ya yi yawa sai zawo. Ƙwallon kuma kada a bar yara su fasa su ci ɗan da ke ciki, yana da guba.

Yanzu mu yi lissafi, misali kawai. A ce kilo yana jaka 3. Mai kanti ya rubuta cewa wadda ta ɗauki kilo 2 an rage mata kashi 30 cikin 100. Maimakon sefa 6000 za ta biya 4200, ta ji daɗi ta ce ta ci ribar 1800. Ta kai gida, ga zafi, ga kuran yana ɗaukewa, firigo bai riƙe sanyi ba. Kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe. Abin da ya shiga ciki kilo 1 ne da sulusi, wato kowane kilo ya tsaya mata a 3150, ya ma ɗara farashin farko. Ba mu sa kuɗin kabu-kabu ba. Babbar tambaya kuma: da ba ta ga allon ragi ba, za ta sayi purun ranar? In amsa a'a ce, to 4200 ta kashe, ba ta adana ko dala ba. Araha ba ta ado, in ji magabata.

Namu na gida

Da Turawa suka zo ƙasashenmu suka ga ƴaƴan itatuwanmu masu ƙwallo ɗaya, sai suka laƙaba musu sunan nasu. Faransawa suka ce wa ɗinya baƙin purun, ɗanya kuma purun na Afirka. Ingilishi ma sun sa wa gawasa da tsada irin wannan suna. Ba dangi ba ne da purun na Turai, kama ce kawai. Amma dokar ɗaya ce: wadda ta san iri da lokacinsa ita ke cin araha.

Ɗinya tana farawa kore, ta koma baƙa ƙirin in ta nuna, wajen ƙarshen damina zuwa kaka. A lokacin tana zube a kasuwannin ƙauye ba ta da daraja. Iyayenmu sun san ana dafa ruwanta ya yi kauri ya zama maɗi, maɗin kuma yana daɗewa, yana shiga alewa, yana maye gurbin sukari. Ɗanyen ganyenta, ɗinkin, shi ma abinci ne. Ɗanya tana zubar da nunu da bazara kafin ruwa ya sauka, daidai lokacin da cimaka ta fara ƙaranci. Ana shan ruwansa, ana fasa ƙwallon a ci ɗan da ke ciki mai mai, wannan kam ba shi da illa. Tsada tana da tsami da ƙaya, ba ta ajiyuwa, ta sha ce nan take, kuma ɗan cikin ƙwallonta ba na yara ba ne. Gawasa ta Dallol Boso da Dallol Mawri, mai ƙamshin nan da ke cika ɗaki, ta fi su jure hanya, ɗan ƙwallonta ma ana cinsa ana kuma fitar da mai.

Ƙungiyar da ta sayi ɗinya kwarya-kwarya ranar da ta yi yawa, ta dafa maɗi ta zuba a kwalabe masu tsabta, ta fito da shi bayan wata 2 ko 3, ta yanka wa kanta takardar ragi ba tare da wani kamfani ya buga mata ba. Haka yake ga kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, zogale da yakuwa. Kaka ita ce babbar ranar ragi a ƙasarmu, kuma kowace shekara tana dawowa.

Bon ɗin da ke zuwa hannunmu

Takardar da muka fi haɗuwa da ita a nan ita ce bon. Hukumar abinci ta duniya, PAM, da sauran ƙungiyoyin agaji sukan ba da takarda ko kati mai daraja sananniya, a je wurin ƴan kasuwar da aka zaɓa a karɓi hatsi, wake, mai, ko irin shuka. Gwamnati kuma ta hannun OPVN takan buɗe sayar da cimaka da rahusa a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. An yi shekaru buhun kilo 100 yana jaka 13 a irin wannan sayarwa, alhali a kasuwa ya haura haka nesa. Wannan ragi ne na gaske, don hatsi abin da dole mu saya ne.

Nemansa yana buƙatar kunne. Sanarwa tana fitowa ta rediyon gari, ta bakin mai unguwa ko maigari, ta ofishin magajin gari. Kowace ƙungiya ta ɗora wa mace ɗaya ko biyu aikin sauraro da tambaya, su kawo labari ranar zubi: yaushe ake rubuta suna, wace takardar shaida ake nema, ina ake karɓa. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa su kasance a wuri ɗaya cikin leda, kada sai ranar a fara tona adaka.

In bon ya shigo hannu, a sa sakatariya ko ɗiyar da ke lakwal ta karanta shi da ƙarfi a gaban kowa: nawa ne, me yake saye, wane shago, wace rana zai mutu. A tafi mutum uku ko huɗu tare. A tambayi farashin kasuwa kafin a shiga, don wani mai shago in ya ga takarda ce sai ya ɗaga kuɗi ko ya tura maki tsohon wake mai ƙwari. A buɗe buhu a zura hannu har ƙasa. A tsaya a ga awo da ido, tiya ta cika ta yi tozo. A duba ranar lalacewa a jikin galan ɗin mai. In an ga ba daidai ba, akwai kwamitin koke ko lambar waya da masu rabon ke bayarwa, kuma koken mata goma ya fi na mace ɗaya nauyi.

Sai maganar da ta fi ci mana rai, sayar da bon. Duk inda ake rabo akwai masu tsayawa a bakin hanya da kuɗi a hannu. Mace tana da mara lafiya a likita, ga bon na jaka 10, wani ya ce kawo in ba ki jaka 7 yanzu. Ba mu zargin wadda ta miƙa, ciwo ba ya jira. Amma mu ƙirga: ta yi asarar jaka 3 a tsaye, kuma ranar da tukunya ta nemi hatsi za ta saye shi da tsadar kasuwa. Da ta ari jaka 7 a asusu, a ƙungiyar da ke ɗora kashi 10 a wata, sefa 700 kawai za ta ƙara. A ƙungiyar da ke da akwatin taimako na rashin lafiya da rasuwa, ko dala ba za ta ƙara ba. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, amfanin akwati ke nan, ya tsaya tsakanin mace da mai sayen wahalarta. Shugabanni, ku faɗa a fili ranar taro: duk wadda ta matsu har take tunanin sayar da bon, ta fara zuwa wurin ƙungiya, ko da ba ranar zubi ba ce.

Akwai kuma bon na ƙarya. Saƙo ya shigo ta WhatsApp ko a kira ki, wai kin ci kyautar buhun shinkafa, ko an zaɓe ki cikin masu samun tallafi, sai dai ki fara tura jaka 2 na buɗe takarda, ko ki karanto lambobin da suka shigo salularki. Agaji na gaske ba a biyan kuɗi kafin a shiga cikinsa. Lambar sirrin kuɗinki ta waya kuwa kamar makullin akwatinmu ce, ba a ba baƙo. Saƙon da ya ce ki tura wa mutum ashirin kafin ki samu rabonki, goge shi, kada ki jawo ƴan uwa cikin rami. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Inda canjin ya kamata ya kwana

Ko ragin ya tabbata na gaske, saura mataki ɗaya. Kuɗin da aka rage maki in ya kwana a bakin zane, da safe ya zama ƙosai da kati na waya, babu wanda zai tuna da shi. Shawararmu ita ce kowace ta ware shi tun a kasuwa, ta ƙulle shi daban, ta kawo ranar zubi a rubuta mata. Sefa 100 a mako ba ta cika ido, amma a shekara 5200 ce. Mata 25 kuwa sun tara 130000, kuɗin da zai sayi buhunan hatsi da kaka a ajiye a rumbun tsimi.

Kuma kada mu manta da ragin da ke hannunmu kullum, sari. Katan ɗin sabulu, galan 25 na mai, buhun sukari kafin azumi, in mata goma suka haɗa kuɗi suka aiki biyu masu iya ciniki, kowace za ta samu nata ƙasa da farashin sayen ɗai-ɗai, kuɗin mota kuma ɗaya ne. A raba a gaban kowa, a rubuta a littafi, don zumunci ya ɗore.

Aikin wannan wata ga kowace ƙungiya: ranar zubi mai zuwa, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, a ɗauki ɗan lokaci a jera kayan da kowane gida ke saye duk mako, a zaɓi guda ɗaya a gwada sararsa tare. A jera kuma ƴaƴan itatuwa da ganyayen da ke yin yawa a yankinku da watan da suke yi, a ga wanne za a iya busarwa ko dafawa a ajiye. Ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun wakiliyarku, mu sa a fili na gaba don Damagaram ta koya daga Tawa, Maraɗi ta koya daga Gaya.

Allah ya sa albarka a cikin akwatunanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu kaka mai yalwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.